Yadda Za A Riƙe 'Yan Matan Ƙaramar Sakandare A Ajin Kimiyya Da Lissafi Na Ranar Asabar

TAMBAYA: Wata malama da ke zaune a Agege, Legas, ta rubuto cewa ita da wasu ƙawayenta sun buɗe ajin kimiyya da lissafi kyauta, duk ranar Asabar bayan an tashi daga Islamiyya, domin 'yan mata 'yan aji ɗaya zuwa uku na ƙaramar sakandare. A makonnin farko ɗaki ya cika, amma kafin zangon karatu ya ƙare fiye da rabi sun ɗauke ƙafa, waɗanda suka rage kuma sai su zauna shiru, ba mai ɗaga hannu. Ta sa kyaututtuka ga wadda ta fi cin maki, ta kuma gayyato wata likita ta yi musu jawabi, amma abin bai sauya ba. Tana neman shawarar yadda za ta farfaɗo da sha'awarsu.

AMSA: Malama, Allah ya saka miki da alheri, ke da abokan aikinki. Abin da kika bayyana ba baƙo ba ne ga duk wanda ya daɗe yana koyar da kimiyya ga yara 'yan shekara 11 zuwa 14, kuma ina roƙonki kada ki ɗauke shi shaida cewa 'yan matan ba su da kai, ko cewa ku ne ba ku iya ba. Amsata a dunƙule ita ce, yarinya mai waɗannan shekaru tana zama a wuri ne idan ta ga hannunta ya yi abin da a da take zaton ya fi ƙarfinta, akwai waɗanda za su yi cigiyarta ranar da ba ta zo ba, kuma gidansu ya sake ta da zuciya ɗaya. Kyauta da jawabi, duk da kyakkyawar niyyar da ke bayansu, ba sa samar mata da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ki fara da sanin nauyin lokacin da kika zaɓa. A ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare ake rubuta jarabawar BECE, kuma da shiga aji ɗaya na babbar sakandare ake raba ɗalibai zuwa ɓangaren kimiyya, da na adabi, da na kasuwanci. Yarinyar da ba ta shiga ɓangaren kimiyya ba ba za ta karanta Fiziks da Kemistiri ba, wadda kuwa ba ta da kiredit a waɗannan darussa tare da Bayoloji da Lissafi da Turanci, ba za ta sami gurbin karatun likita ko haɗa magunguna ko digirin jinya a jami'a ba, komai son da za ta yi musu daga baya. Wannan babbar shawara ana yanke ta ne yarinya tana da shekara 14 ko 15, kuma sau da yawa ba a zaunar da ita: ƙawarta ta tafi wani ɓangare sai ta bi ta, ko kuma a dubi makinta na lissafi a ce mata ga inda ya dace da ita. Batun cewa kwanyar mace ba ta ɗaukar lissafi kuwa, bincike ya daɗe da rushe shi. A 2008 Janet Hyde da abokan aikinta suka duba sakamakon jarabawar lissafi ta ɗalibai sama da miliyan bakwai a jihohi goma na Amurka, ba su sami wani bambanci na a zo a gani tsakanin maza da mata ba. Inda bambancin yake shi ne yadda yarinya ke kallon kanta. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2017 ya nuna cewa tun suna shekara shida 'yan mata ke fara ja da baya daga wasan da aka ce na masu kaifin basira ne, alhali ba sa ja da baya idan aka ce wasan na masu dagewa ne. A Amurka aka yi waɗannan bincike, amma duk malamin da ya taɓa jin yarinya ta ce "ni dai lissafi ba ya shiga kaina" tun kafin ta karanta tambaya ya san ba can kaɗai abin ya tsaya ba.

Kafin ki yanke cewa sha'awa ce ta mutu, ki bi sawun waɗanda suka daina zuwa har gida, domin rashin zuwa daban, rashin so daban. Asabar a gidan Bahaushe a Legas ba ranar hutu ba ce ga 'ya mace. Ranar wanki ce, ranar kitso, ranar biki da suna, ranar da uwa za ta shiga kasuwar Mile 12 sayayya ta bar mata ƙanne, kuma a gidajen da ake sana'ar abinci ita ce ranar da aka fi buƙatar hannunta. Ga shi kuma ajinku yana zuwa ne bayan Islamiyya, wato yarinyar ta riga ta yi awanni a zaune tun safe, mai yiwuwa ba ta ci komai ba. Wata kuɗin keke ne ya gagara, wata kuwa mahaifinta ne ya ga ta shigo dab da magariba sau ɗaya saboda cunkoso, ya ce an gama. Akwai kuma abin da ba wadda za ta furta miki: a waɗannan shekarun ne mafi yawansu ke fara al'ada, kuma yarinyar da ta san babu banɗaki mai ƙofa da ruwa a wurin, ko ta taɓa tashi ta ga tabo a jikin hijabinta a gaban ƙawaye, za ta gwammace ta ce ciwon kai take yi. Ki tanadi audugar mata a wuri ɗaya da kowa ta sani, wadda ke buƙata ta ɗauka ba sai ta tambaya ba. Ki rage tsawon ajin zuwa awa biyu, ki tsayar da lokacin tashi wanda ba ya motsi ko da aiki bai ƙare ba, a riƙa tafiya gida rukuni-rukuni bisa layi, a kuma samu ɗan abin taɓawa ko da biredi ne da ruwa. Wannan abincin kada a mai da shi lada. Haƙƙin duk wadda ta zo ne.

Zuwa gidajen yana da wata fa'ida da ta fi gano dalili. A 2012 Judith Harackiewicz da abokan aikinta a jihar Wiskonsin suka aika wa wasu iyaye ƙananan littattafai biyu da adireshin wani shafin intanet masu bayanin amfanin lissafi da kimiyya, ba su yi wa 'ya'yan magana kai tsaye ba, amma sai 'ya'yan waɗannan iyaye suka ɗauki ƙarin darussan kimiyya da lissafi na kusan zango guda a shekaru biyun ƙarshe na sakandare fiye da sauran. A wurinmu takarda ba za ta yi abin da zama a tabarma zai yi ba. Ki gaida uwar gida, ki gaya mata takamaiman abin da 'yarta ta yi a aji wanda ya burge ki, ki nemi ta sauya mata lokacin wanki zuwa Lahadi. Idan aka kai ga maigida, kada ki shiga dogon bayanin ci gaban zamani. Ki ce masa: "Alhaji, ranar da Hajiya ta je asibiti haihuwa a garin nan, wa kuka fi so ya duba ta?" Kowa ya san yadda ake neman likita mace ruwa a jallo, balle wadda za ta ji Hausa ta fahimci abin da mara lafiya ke jin nauyin faɗa, kuma wannan likitar sai wani uba ya bar 'yarsa ta zauna ajin Kemistiri kafin a same ta. Ki nemi goyon bayan shugaban Islamiyyar da limamin unguwa, domin kalmarsu ɗaya bayan salla ta fi takardun gayyata ɗari. Tarihinmu ma yana tare da ke: a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa mata a ƙauyuka, kuma wannan ilimi ne da aka bayar a wajen aji, mata na koyar da mata.

Yanzu sai abin da ke faruwa cikin ɗakin, wanda a ganina nan ne mafi yawan irin waɗannan shirye-shirye ke faɗuwa. Idan abin da yarinya za ta tarar ranar Asabar shi ne allo da alli da kwafar rubutu, to Litinin ce aka sake kawo mata, kuma ba ta da dalilin barin hira da ƙawayenta ta zo. Ƙarfin ajinki shi ne ba manhajar da ke kora ki, ba kuma jarabawar ƙarshen zango. Kina da damar tsayawa kan tambaya ɗaya har ta nuna.

Ga misali ɗaya da ba zai ci miki kuɗi ba. Ki jiƙa zoɓo a ruwan zafi, ki tace, ki zuba a ƙananan kofunan roba masu garai-garai, kowane rukuni na 'yan mata huɗu ya sami shida. Ki ajiye musu ruwan lemun tsami, da ruwan tsamiya, da jiƙaƙƙiyar kanwa, da ruwan toka, da ruwan sabulu, da ruwa zalla. Kafin a zuba komai, kowace yarinya ta rubuta a littafinta abin da take zaton zai faru, kuma ki tabbatar musu ba za a ba wannan hasashe maki ba. Sa'an nan su ɗiga. Kofin da ya sami lemun tsami zai yi ja wur, wanda ya sami kanwa kuwa zai turu ya yi duhu har ya karkata zuwa kore, kuma a daidai wannan lokacin ne za ki ji ɗakin da kika ce shiru ya cika da "kai, ku zo ku gani!" Kada ki yi gaggawar bayani. Ki tambaye su yadda za a dawo da koren ya koma ja, ki bar su su yi gardama har wata ta ce a ƙara lemun tsami, a gwada, ya koma. Daga nan ki tambaye su dalilin da ya sa Inna ke jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa idan tsami ya yi yawa. Yarinyar da ta haɗa waɗannan abubuwa biyu da kanta ta gano cewa asid da kishiyarsa suna kashe ƙarfin juna, kuma ta gano cewa uwarta tana aiki da wannan ilimi kullum a madafa. Sai bayan haka ki ba su sunayen da littafi ya ba abubuwan, ki kuma gaya musu cewa sinadarin da ke ba zoɓo launinsa, wato antosayanin, shi ne ke sauya kama gwargwadon abin da ya haɗu da shi. Dokar wurin ita ce ba a ɗanɗana komai, ba a kuma kawo bilic ko ruwan batir ko sodar yin sabulu.

Mako mai zuwa kada ki tsallaka zuwa wani sabon abin mamaki, domin mamaki kaɗai ba ya daɗewa. Ki zurfafa wannan ɗin. Ki ba su sirinji mara allura, su auna mililita biyar na ruwan lemun tsami cikin zoɓo, su ƙirga ɗigon ruwan kanwa nawa ake buƙata kafin launi ya juya. Su ninka lemun, su yi hasashen ɗigo nawa zai ci yanzu, su gwada, su zana sakamakon a takardar giraf. Rukuni biyu za su sami lambobi mabambanta, kuma wannan saɓanin ki riƙe shi da daraja, domin shi zai kai su ga tambayar ko ɗigon kowa girmansa ɗaya, ko kanwar kowa ƙarfinta ɗaya, da dalilin da ya sa ake maimaita awo a ɗauki matsakaici. Ba tare da kin ambaci sunan darasin ba sun shiga lissafin daidaito da zanen giraf, kuma sun taɓa tushen aikin da za su yi a ɗakin gwaji a babbar sakandare.

Lissafi ma yana da irin waɗannan ƙofofi, kuma wadda na fi so ga 'yan Islamiyya ita ce rabon gado. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da ɗa namiji, da 'ya mace. Matar tana da ɗaya bisa takwas, mahaifiya ɗaya bisa shida, saura na 'ya'yan, namiji ya ɗauki ninki biyu na rabon mace. Ki ba su wake ko marafan kwalba su nemo adadin da zai rabu ba tare da an fasa ƙwaya ba. Za su kai ga 24, matar ta ɗauki 3, mahaifiya 4, saura 17, sai su tarar 17 ba ta rabuwa uku. Bayan 'yar wahala wata za ta ce a ninka komai sau uku: 72, matar 9, mahaifiya 12, ɗa 34, 'ya 17. Wannan shi ne darasin ɓangarorin lamba da ya gagari rabinsu a makaranta, kuma ki gaya musu cewa littafin Alkhawarizmi da aljabara ya samo suna daga gare shi yana da babban sashe kan lissafin gado da wasiyya. Ki gayyaci malamin fiƙihu na Islamiyyar ya duba amsarsu. Shi ma kin jawo shi cikin tafiyar ke nan. Zakkar kuɗi, ɗaya cikin arba'in, ita ce kashi 2.5 cikin ɗari. Mitar wuta ta gidansu ma darasi ce: dutsen guga mai wat 1000 idan ya yi awa ɗaya yana jan wuta ya cinye yunit ɗaya, to nawa gidan ke kashewa a guga a wata? Akwai kuma murabba'in lambobi, inda ake jera 1 zuwa 9 a gida tara, kowane layi ya ba da 15, kuma tambayar da ta fi jerin daɗi ita ce me ya sa dole 15, me ya sa dole 5 ta zauna tsakiya. Wani malamin Katsina, Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan hanyoyin gina irin waɗannan murabba'ai. Sai dai ki yi wa iyaye bayani tun da wuri cewa ƙidaya ce zalla, domin wani zai ga zanen a littafin 'yarsa ya ɗauka hatimi ne.

Game da harshe, ki bar su su yi gardamarsu da Hausa, ko da duk yaren da tunaninsu ya fi gudu a cikinsa, tun da yaran Legas kan haɗa Hausa da Yarbanci da Burokin a numfashi ɗaya. Idan fahimta ta zauna, sai a rubuta sakamakon da Turanci, domin da shi za a yi jarabawa. Shirun da kike gani, wani kaso nasa tsoron kuskuren Turanci ne, ba rashin sanin amsa ba.

Sauran shirun kuwa yana da magunguna da aka gwada. A shekarun 1970 Mary Budd Rowe ta auna tsawon lokacin da malamai ke jira bayan sun yi tambaya, ta tarar bai wuce daƙiƙa ɗaya ba, kuma da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin ɗalibai suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana suka fara. Ki yi tambaya, ki hana ɗaga hannu, kowa ta rubuta, ta faɗa wa ta kusa da ita, sa'an nan ki kira rukuni maimakon mutum ɗaya. Cikin rukuni kuma a riƙa juya aiki duk mako, mai awo, mai rubutu, mai bayani, domin ko a tsakanin mata zalla akwai mai baki da za ta karɓe sirinjin ta bar sauran suna zaman 'yan kallo. Sa'an nan ki bincika a asirce inda kowace ta tsaya. Za ki sami 'yar aji biyu da ba ta riƙe jadawalin ninkawa ba, kuma duk abin da aka ɗora a kansa tun firamare yana rawa. Irin wannan yarinyar ba jawabin ƙarfafa gwiwa take buƙata ba. Minti goma sha biyar take buƙata kowace Asabar a kan ainihin giɓin, da tambayoyin da suka ɗan fi ƙarfinta kaɗan, har ta ga da idonta cewa abin da ya gagare ta watan jiya yau ta yi shi.

Ki kula da irin yabon da kike yi. A binciken Claudia Mueller da Carol Dweck na 1998, yaran da aka yaba wa basirarsu bayan sun yi nasara sun fi zaɓar aiki mai sauƙi daga baya, sun fi saurin karaya da suka haɗu da mai wuya, fiye da waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. An zuzuta wannan bincike fiye da kima a wasu wurare, kamar dai sauya kalmar yabo kaɗai zai gyara komai, alhali manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna tasirin matsakaici ne kuma ya fi bayyana ga ɗalibai masu rauni. Amma asalin darasin yana nan: maimakon "ke ai haziƙa ce", ki ce "na ga da hanyar farko ta ƙi, kin zana hoton tambayar, shi ya buɗe miki". Ki kuma roƙi abokan aikinki da iyaye mata su daina cewa "ni ma lissafi ya gagare ni" a gaban yara, ko da da nufin lallashi ne. Sian Beilock da abokan aikinta sun nuna a 2010 cewa a azuzuwan farko na firamare, idan malama mace tana fargabar lissafi, zuwa ƙarshen shekara 'yan matan ajinta sun fi yarda cewa lissafi na maza ne, kuma waɗanda suka yarda da hakan makinsu ya fi ƙasa.

Kyautar wadda ta fi cin maki, shawarata ki janye ta. Tun mako na biyu kowa ta san su wa za su riƙa cinye ta, sauran kuma sun sami tabbacin abin da suke zargi game da kansu. Ko ga masu cin kyautar ma akwai haɗari: a 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa suka yi wa wasu yara 'yan nazare masu son zane alkawarin takardar yabo idan suka yi zane, kuma bayan haka, da aka bar su su zaɓi abin wasa, sun rage zanen fiye da yaran da ba a yi wa alkawarin komai ba. Kuɗin kyautar ki sayi batura da ƙananan ƙwayayen fitila da waya da gilashin ƙara girma, waɗanda kowa za ta taɓa. Gasa irin ta Cowbellpedia tana da wurinta ga 'yan ƙalilan da suka riga suka kamu da son lissafi kuma su da kansu suka nema, amma kada ta zama ma'aunin ajin.

Jawabin likitar bai yi aiki ba ne, a zatona, saboda nisan da ke tsakani. Yarinya 'yar shekara 12 da ke fama da raba lamba idan ta ga babbar likita da mota, abin da take ji a ranta shi ne wannan ba irinmu ba ce. Wadda za ta motsa ta ita ce ɗaliba 'yar aji biyu a Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, ko mai karatun injiniya a Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda ta tashi a Agege ko Alaba Rago, tana sanye da hijabi irin nata, kuma wadda za ta riƙa zuwa sau ɗaya a wata ta zauna cikin rukuni ta yi aikin tare da su. Idan za a ba da labarin manya, a bayar da wahalarsa. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, masaniyar Fiziks ɗin sararin samaniya, ta yi aure tana shekara 18, ba ta shiga jami'a ba sai tana 29 da 'ya'yanta, kuma a 2015 ta karɓi lambar yabo ta Gidauniyar Elsevier ta mata masana kimiyya. Maryam Mirzakhani 'yar Iran, mace ta farko da ta sami lambar Fields, babbar lambar yabo ta masana lissafi a duniya, a 2014, ba ta taɓuka abin kirki a lissafi ba a shekararta ta farko ta ƙaramar sakandare, sai da ta haɗu da wata malama da ta ƙarfafa ta a shekara ta gaba. A nan Legas ma Grace Alele-Williams ta koyar a jami'a shekaru masu yawa kafin ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Najeriya, a Benin, a 1985, kuma digirinta na uku a fannin koyar da lissafi ta yi shi.

Abin da zai ɗaure makonnin wuri ɗaya, har yarinya ta ji idan ba ta zo ba wani abu zai lalace, shi ne aiki mai tsawo wanda su suka zaɓa kuma yake amfanar wani da suka sani. 'Yan mata da yawa suna guje wa kimiyya ne don suna ganin ba ruwanta da taimakon mutane, alhali su abin da suke so ke nan. 'Yan mata biyar na wata sakandare a Onitsha da suka ci zinare a rukunin ƙanana na gasar Technovation a Amurka a 2018, manhajar waya suka ƙirƙira ta gano jabun magunguna, matsalar da kowa a garinsu ya sani. Naki ba sai ya kai nan ba. Ruwa kaɗai ya ishe ku zango guda: su ɗebo daga rijiya, da na mai ruwa, da na sama, su kwatanta yadda alif da dakakken ƙwayar zogale ke kwantar da laka, su auna wanne ya fi sauri, su kuma fahimci cewa ruwa ya yi garau ba yana nufin ƙwayoyin cuta sun mutu ba, sai an tafasa ko an sa sinadarin kilorin, abin da ɓarkewar kwalara a Legas a 2024 ta tunatar da kowa. Wani rukunin ya yi ma'aunin ruwan sama da gorar roba ya riƙa rubuta awo kullum daga Afrilu zuwa Yuli, ya haɗa shi da ranakun da kwatar layinsu ta cika. A ƙarshen zango a gayyaci iyaye, yaran su tsaya su yi bayani da Hausa. Uban da ya ga 'yarsa tana nuna wa liman giraf ba zai sake tambayar amfanin ajin ba. Idan kina neman horo ko kayan aiki na kwamfuta, ki tuntuɓi ƙungiyoyin da suka daɗe a wannan fage a Legas, irin su W.TEC wadda Oreoluwa Lesi ta kafa a 2008 domin koya wa 'yan mata fasahar zamani.

Kada ki auna nasara da cikar ɗaki. Ki riƙe rajista, duk wadda ta yi fashi sau biyu a jere ƙawayenta na rukuni su je gidansu, domin zuwan tsararta ya fi kiran wayarki nauyi. Ki riƙa lura da su wa suka yi tambaya da kansu, da su wa suka ci gaba da aiki bayan amsar farko ta fito ba daidai ba. 'Yan aji uku kuwa, a zangonsu na ƙarshe ki zauna da kowace tare da mahaifiyarta ki shimfiɗa musu abin da kowane ɓangare ke buɗewa da abin da yake rufewa, kuma idan makaranta ta tura yarinya wani ɓangare ba da sonta ba alhali makinta ya kai, ki ƙarfafa wa mahaifinta ya je ya ga shugaban makarantar tun a makon farko, kafin rajista ta zauna. Wadda ta zaɓi adabi ko kasuwanci da saninta ba asara ba ce, tun da ita ma za ta rubuta lissafi a WAEC. Waɗanda suka shiga ɓangaren kimiyya kuma kada ki ɗauka an gama da su, domin zangon farko na Fiziks da Kemistiri ne ke sa da yawa neman a sauya musu aji. Ki ware musu Asabar ɗaya a wata su zo da tambayoyin da suka gagare su, sauran Asabar ɗin kuma su riƙa jagorantar rukunin ƙannensu 'yan aji ɗaya.